Yaron da ya sa min dikodar sauti a kan jirgina, ga yadda munka ƙare da shi

Tun da na nuna ɗan bidiyon nan na kan jirgin ƙasana na wasa yana gurnani a falo mutane ke ta tambaya wai wa ya haɗa min, wani abokina ma cewa ya yi waya na ɓoye bayan labule take fitar da ƙarar. To ba waya ba ce, dikodar sauti ce a cikinsa, wato ɗan bod ɗin da ke karɓar umarni ta layin dogo yana sarrafa moto da fitilu da sauti, kuma wanda ya dasa ta wani yaro ne mai gyaran waya nan cikin garin Sakkwato, wajen Emir Yahya. Ba zan kama sunansa ba don akwai inda zan ɗan taɓa shi. Injiniya nake ce mai, shi kuma Baba Alhaji yake ce min duk da ban kai haihuwarsa ba.

Bari in fara da abin da na kai mai. Kan jirgi ne ƙarami na sikelin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman na gaske, faɗin layin dogonsa milimita 16.5. Samfurin GP9 ne, kan jirgin dizal na Amurka da kamfanin EMD ya fara ƙerawa a 1954. Ɗan gwanjo ne, ƙanena da ke Jamus ya zo min da shi tare da kwantirola Z21 baƙa, na'urar da ke ba jirgi umarni, ita ma ta hannu. Ni dai son jirgin ƙasa tun ina yaro ne, lokacin da muke zuwa hutu Gusau wajen kawuna, don mu nan Sakkwato layin dogo bai taɓa isowa ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya tun 1929, ita ma Ƙaurar anka yanke ta zuwa Zamfara a 1996 munka tashi ba mu da ko taku ɗaya na dogo. Shi ya sa na shimfiɗa nawa bisa tebur.

Dikodar kuma LokSound 5 ce ta kamfanin ESU na Jamus, kuɗinta a lokacin wajen dala 100, ka lissafa da canjin yau ka ga dalilin da ya sa hannuna ke rawa. Mai sayarwa ya riga ya ɗora mata sautin injin 567, irin wanda ke cikin GP9 na gaske, kafin ya aiko, don ɗora sauti sai da wata na'ura tasu LokProgrammer ni kuwa ba ni da ita. Matsalar ita ce kan jirgin nan tsoho ne, ba ya da soket ɗin da za ka cusa dikoda kawai ka rufe irin na sabbin mai fil 8 ko 21, dole sai an bi waya ɗaya bayan ɗaya an yi soda. Ni kuwa in na riƙe ayan ɗin soda dalma har ƙasa take ɗiga.

Ranar da na je ya ɗauki kan jirgin ya juya shi ya kalle ni ya ce, Baba Alhaji wanga na ɗiyanka ne? Na ce nawa ne. Yaran shagon sunka kwashe da dariya. Amma da na buɗe ledar dikoda na ajiye mai sifikar sai ya bar dariya, ya ɗauke ta da ɗan hantsakinsa ya ce wagga ai sifikar waya ce. Kuma gaskiyarsa, 'yar ƙarama ce milimita 11 da 15, irin ta cikin wayoyi ce sak, ya sa mita ya auna ya ce om 8. Tun daga nan hankalina ya fara kwanciya.

Na rubuto mai launin wayoyin a takarda: ja zuwa ƙafafun dama, baƙa zuwa na hagu, ruwan lemo da ruwan toka su tafi moto, fara fitilar gaba, rawaya ta baya, shuɗiya ita ce ta tarayya kuma ita ke ɗauke da fositib, biyu masu ruwan ƙasa na sifika. Na juya zan fita in sayo ruwa ya ce in tsaya. Ya mai da mitarsa wajen da take yin ƙara in waya ta haɗu, ya ɗora baki ɗaya bisa ƙarfen jikin jirgin, ɗayan bisa ƙafar moto ta ƙasa, sai ta ce ƙiiii. Ya ce kaji ko, moton nan na shan wuta ta jikin bodi, in munka jona haka abin naka zai ƙone tun bai yi kuka ba. Wallahi na karanta wannan gargaɗin ya fi sau biyar amma ranar ya fita kaina sarai, shi da bai taɓa jin sunan DCC ba, wato tsarin sarrafa jiragen wasa da dikoda, shi ya gano. Ya ciro moton, ya yanke 'yar leɓar tagulla da ke taɓa bodi, ya shimfiɗa tef ɗin nan mai ruwan zuma da suke rufe bod ɗin waya da shi in za su hura mai zafi, ya mayar, ya sake aunawa, mita ta yi shiru. Wannan minti goman kaɗai ya biya kuɗin da na ba shi.

Sodarsa kuwa ba a magana. Mutumin da ya saba ɗaga aisi ƙarƙashin madubi, wayoyin dikoda wasa ne gare shi, kowane ɗigo ƙanƙane mai sheƙi, ba dunƙule ba zare. Fitilu ya cire tsoffin ƙwayayen ya sa LED, kowace da risistonta na om 1000, ban ma gaya mai ba. Sifikar ce ya so ya manna haka tsirara na ce a'a sai da akwatinta, ya ce don mi, na ce ka gwada. Ya jona ta da wata tsohuwar waya ya sa waƙa, tana tsirara sai ka ce sauro, ya kife ta bisa ɗan akwatin ya danne gefen da yatsa sai ga murya ta fito. Ya yi dariya ya ce ashe, ai haka na waya ma suke. Ya bi bakin akwatin da gam ya toshe ko'ina iska ba ta fita.

To yanzu inda zan taɓa shi. Na farko alkawali. Aikin awa biyu sai da na yi sawu huɗu, kullum Baba Alhaji gobe in sha Allahu, don duk wanda ya shigo da fasasshen sikirin shi ne gaba da ni, ni mai kayan wasa sai in jira. Ran nan kuma ba wuta janaretansa ba mai. Na biyu ya ɓatar min da ɗan sukurun da ke riƙe maƙalar tarago, ya laluba cikin gwangwaninsa ya sa min na waya wanda ya ɗan fi tsawo, har yau maƙalar gaba a karkace take. Na uku, saura kaɗan ya naɗe dikodar gaba ɗaya da baƙin tef wai don kar ta yi shot, na ce kul, littafinta ma ya hana, tana buƙatar shan iska, ƙarfen da ke kusa da ita ake rufewa ba ita ba. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu ka naɗe ta ai ka dafa ta.

Na dawo gida da daddare na ɗora shi bisa layin saiti, ba babban layi ba, don can wutar kaɗan ce ko da kuskure ba za ta yi ɓarna ba. Na karanta CV8 ta ba ni 151, lambar ESU ke nan, na ce alhamdulillahi tana da rai. Ga wanda bai sani ba, CV wasu 'yan gidaje ne cikin ƙwaƙwalwar dikoda, kowane da lambarsa, abin da ka rubuta ciki shi take bi. Na mai da shi babban layi na kira adireshi 3, wato lambar da kwantirola ke kiran jirgi da ita, don duk sabuwar dikoda a 3 take zuwa. Na danna maɓallin F1 na kwantirola ina jiran inji ya tashi sai na ji ƙararrawa talan talan. Na kashe na sake, talan talan. Har na ɗauki waya zan kira Injiniya in sauke mai kwandon faɗa sai na tuna sautin jiragen Amurka F8 ke tada inji, F1 ƙararrawa, F2 hon, na Turai ne ke tashi da F1. Da na danna F8 ya yi tari ya kama gurnani sai da uwargida ta leƙo daga kicin ta ce wa ya tada janareta a falo.

Murna ba ta daɗe ba. Na ce ya yi gaba ya yi baya, ga fitilar gaba na haske. Na ce wannan mai sauƙi ne, na ƙara 1 bisa CV29 don ya juya alkibla. Ya juya kuwa, yana tafiya gaba amma yanzu fitilar baya ce ke kunne, saboda wancan saitin moto da fitilu yake juyawa tare. Nan na gane ruwan lemo da ruwan toka ya musanya. Sawu na biyar ke nan. Bai yi gardama ba, ya ce laifina ne Baba, minti uku ya gyara bai karɓi ko sisi ba, na cire 1 ɗin da na ƙara komai ya daidaita.

Sauran saitin ni na yi abuna don shi nan iyakarsa, in ka ce mai CV kallonka kawai zai yi. Lambar da ke jikin jirgin 1742 ce na so ta zama adireshinsa, tunda ta wuce 127 sai dogon adireshi, CV17 na sa 198, CV18 na sa 206, sannan CV29 ta koma 34, wato 32 na dogon adireshi da 2 na matakan gudu 28 ko 128, na bar 4 ɗin analog, wato tsohon tsarin da ba dikoda, a kashe don kar wuta ta yi wargi ya ɗauka tsohon layi ne ya zura da gudu. Ƙara kuma CV63 ce, tana kaiwa har 192, na sauke ta zuwa 70 saboda zaman lafiyar gida. CV3 da CV4 na ɗaga su don ya riƙa tashi da nauyi yana tsayawa a hankali, ka ji inji ya ɗau zafi tukuna kafin ƙafafu su motsa, awa na gaske. Wautar da na tafka ita ce ta daidaita moto, ana sa 0 a CV54 sai a danna F1, dikodar ta auna moton da kanta. Na san zai zabura amma ban zaci haka ba, ya fizga da cikakken gudu na kamar daƙiƙa ɗaya da rabi, ni kuma na ajiye shi kusa da kwana, da hannu na tare shi a bakin tebur. Ku sa shi a miƙaƙƙen layi mai tsawo don Allah. Amma bayan nan a mataki na 1 rarrafe yake kamar hawainiya ba ko tsalle.

Sai hunturu ya shigo. Jirgi na cikin tafiya sauti ya ɗauke, ya tsaya, inji ya sake tashi daga farko, ya yi taku kaɗan ya sake. Na zargi dikoda, na rubuta 8 a CV8 na mai da ita yadda ta fito daga kamfani, sautin bai goge ba amma duk saitina ya tafi, adireshi ya koma 3, matsala kuma tana nan daram. Na zargi sodar Injiniya na kwasa na kai mai. Ya bi wayoyin da mita duk lafiya, sai ya juya jirgin ya goga farin ƙyalle a ƙafa ɗaya ya miƙo min ba tare da ya ce komai ba. Baƙi ƙirin. Ƙurar hazo ce ta haɗu da man da na zuba da yawa ta zama kamar kwalli. Ya tsiyaya sipirit ɗin da yake wanke bod da shi, ya bi ƙafafun da 'yan tagullan da ke shafar su da tsohon burushin haƙori, ya ce in je in yi wa layin haka. Dikodar sauti ko ƙiftawar ido wuta ta yanke mata sai ta fara daga farko, mu kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko ka rufe taga ƙura sai ta shigo. Yanzu kafin in kunna sai na goge layi, in na gama in lulluɓe teburin da tsohon zanen gado. Daga baya na sa anka kawo min PowerPack, 'yar ma'ajiyar wuta mai waya uku da ke riƙe dikoda na ɗan lokaci in ta hau wuri mai datti, shi ya yi min sodarta bisa 'yan filayen da ko ganinsu ba na yi sai da tabarau. Tun ranar bai sake yankewa ba.

Kuɗi, 8,000 ya ce na ba shi 6,000 ya karɓa yana ƙunƙuni, na PowerPack kuma kuɗin kati kawai ya ce in ba shi don ya ce ya ji daɗin aikin, har bidiyo ya ɗauka yana danna hon yaran shago na ihu. In da maki nake bayarwa hannunsa 10 bisa 10 ne, cika alkawali 4. Duk mai irin wannan aikin ya kai mai, amma ka je da takardar launin wayoyi, ka je da safe kafin kasuwa ta buɗe, kuma ka zauna nan kusa da shi kar ka ce za ka je ka dawo.

Akwai wani kan jirgi mai tururi da ƙanena ya ce zai aiko bayan Sallah, shi kuma sai an daidaita fitar hucinsa da juyin ƙafafu ta CV57 da CV58, na san zan sha fama. Wajen Injiniya zan kai shi. Na riga na tanadi gwangwanin ashana na zuba sukurori, wannan karon a aljihuna za su zauna.