Sulhun malamai ko takunkumin gwamnatoci?

Tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 ake yawan tambayata wanne ya fi amfani, tura malamai ko ƙaƙaba takunkumi. Takunkumin ECOWAS ya yi tsada ƙwarai, domin Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Illela, garin kan iyaka a jihar Sakkwato, kuma talaka ne ya ɗanɗana kuɗarsa. Malaman Najeriya da Sheikh Bala Lau ya jagoranta kuwa sun gana da Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, a watan Agusta cikin sauƙi, sai dai ba su da ikon ƙulla yarjejeniya mai ɗorewa. A ganina, malamai sun fi dacewa da maƙwabtan da gaba ta hana su zama tare, takunkumi kuma da gwamnatocin da za su iya jure asararsa.