Garin kifin ƙara tsayi: wata 4 ina ba autana

Autana shekararsa 7, amma duk layin da za a ja a makaranta shi ne a gaba. Ranar da ya dawo da hawaye wai yara sun sa masa suna Guntu, ranar na tura kuɗin garin nan da nake ta gani ana tallarsa a Instagram wai yana ƙara wa yara tsayi. Naira 18,000 roba ɗaya, ta wata guda, ban da kuɗin mai kawowa.

Abin da ke jikin robar: garin ƙashin kifi, ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo), man kifi, bitamin D da zink. A taƙaice dai kalsiyam ne aka yi wa ado. Akwai lambar NAFDAC, amma can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Sai a roba ta biyu idona ya kai wurin.

Ƙarni kam sai wanda ya ji. Sun ce a zuba cokali ɗaya a shayi, yaro ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin. Na koma kunun gyaɗa, nan ma sai da lallashi da alkawarin alawa. Garin ba ya narkewa sosai, yana kwantawa a gindin kofi kamar rairayi. Gaskiya dai bai ɓata masa ciki ba, bai kuma yi ƙaiƙayi ba, abin da na fi tsoro tun da akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar kayan teku.

Na ja masa layi da fensir a bayan ƙofa ranar da muka fara. Bayan wata 4 ya ƙaru da santimita 2. Har na fara murna, sai muka je asibiti saboda tari na nuna wa likita robar. Ta ce, "Maman yaro, ai ko ba garin nan, yaro mai shekarunsa yana ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara. Yi lissafi." Na yi, jikina ya yi sanyi. Ta tambayi tsayina da na babansa, 152 da 165, ta haɗa, ta ƙara 13 saboda namiji ne, ta raba biyu: 165. Wato inda uban ya tsaya, nan ake sa ran ɗan zai kai. Ta auna shi ta duba katin girma ta ce ba tsumburewa ba ce, wadda galibi tun daga ciki zuwa shekara 2 take kama yaro. Maganin tsutsar ciki kawai ta rubuta mana.

Da na ba Hajiya surukata labari, dariya ta yi har da tafi. "Ke 'yar nan, duk zuri'armu wa kika gani yana sunkuyawa a ƙofa? Ki daka masa ƙananan busassun kifin nan da ƙashinsu a miyar kuka, da su na raini ubansa." Ban ce mata ai shi ya sa uban ya tsaya a 165 ba.

Naira 72,000 ke nan suka tafi. Ragowar roba ta huɗu tana kan firij, mage ce kaɗai ke zagaye ta. Yanzu kifin Yauri nake saya ina dakawa, da ƙwai sau uku a sati, kuma layin fensir ɗin yana nan, za mu sake auna shi bayan Sallah.