Turtle Wax Wax & Dry a kan baƙar mota: feshin da ake yi kafin a tsane ta da tawul

Duk mai baƙar mota a Kano ya san wahalarta. Ka wanke ta da safe, kafin azahar ƙura ta sake lulluɓe ta, in kuma ka tsayar da ita a rana sai ka ga fentin cike da siraran zane-zane masu zagaye, ba ka san ranar da suka hau ba. Yawanci soso da sabulu ake ɗora wa laifin. Ni dai na daɗe da yarda cewa wajen gogewa ake yin ɓarna mai yawa. Lokacin wanki akwai kumfa tsakanin soso da fenti, ita ke kawo santsi. Da an ɗauraye, kumfar ta tafi, ba abin da ya rage tsakanin tawul da jikin mota sai ruwa tsagwaronsa, shi kuwa ruwa ba wani santsin kirki gare shi ba.

Wannan ne ya sa na sayi feshin Wax & Dry na kamfanin Turtle Wax, a wani shagon kayan mota da ke Sabon Gari. Kamfanin na Amurka ne, daga Chicago, tun shekarun 1940 yake wannan sana'a. Kwalbar da na samu mai bakin feshi ce, oza 26, wato kusan mililita 770. A ciki akwai kakin karnoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil, haɗe da wasu sinadarai masu sa santsi. Yadda ake amfani da shi ba wuya: ka wanke mota, ka ɗauraye, tana jiƙe ka fesa, sannan ka bi da tawul. Motata Camry ce ta 2010, baƙa, 'yar Kwatano, kuma a ƙofar gida nake wanke ta da ruwan burtsatse.

Gwajin farko a kan bonet na yi shi. Na fesa wa ɓangaren direba sau biyu, ɗaya ɓangaren na bar shi da ruwa kawai. A inda ban fesa ba, tawul ɗin yana ɗan cijewa, kana jin yadda yake jan hannunka, har da 'yar ƙarar nan ta ƙiiƙ idan wurin ya fara bushewa. Da na tsallaka ɓangaren da aka fesa, sai hannu ya tafi sulul, ba ƙara, ba cijewa. Ruwan ma ya canza hali: maimakon ya shimfiɗe ya manne, sai ya dunƙule ƙanana-ƙanana yana gudu gaban tawul. Shafa ɗaya ta ɗauke shi, ta biyu da busasshen gefen tawul ta gama aikin. A ɗaya ɓangaren sai da na yi ta komawa ina bin sawun danshi.

Yawan komawar nan ita ce matsalar tun asali. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne, kuma na can sama, mai kama da gilashi, wanda shi ke ba da sheƙi, kaurinsa bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba a yawancin motoci, wajen rabin kaurin takardar rubutu ke nan. Duk shafar da ka yi da wani abu a tsakani, a jikinsa take zana. Mu kuma a nan, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar hunturu tana kwaso mana ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi take tasowa. A ido gari ce mai laushi, amma akwai ƙwayoyin yashi a ciki da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Kana ɗauraye but, ƙura ta riga ta fara sauka a kan bonet ɗin da ka gama. Ba yadda za ka yi ka goge mota a watan Janairu ba tare da wasu ƙwayoyin sun shiga ƙarƙashin tawul ba. Abin da feshin ke yi shi ne ya rage gogayya, ya kuma rage yawan shafar da za ka yi. Ba ya hana ƙura sauka, amma ƙwayar da ta zame ba ɗaya take da wadda aka danna aka ja ba.

Wanda yake son ganin halin da fentinsa ke ciki, ya fita da daddare ya haska ƙofar motar da fitilar wayarsa. Zanen zai fito kewaye da hasken. Ba wai lallai a zagaye aka yi su ba, sun nufi ko'ina ne, waɗanda suka dace da hasken su ne ido ke kamawa. Wannan feshin ba ya goge su. Yakan ɗan cike ƙananan, motar ta yi duhu ta yi kyau na ɗan lokaci, amma da kakin ya wanke za su dawo inda suke. Mai son su tafi sai ya kai a yi mata folish da inji, shi ma kankare saman fentin ake yi, don haka ba abin yi kullum ba ne.

Amfani na biyu, wanda ban ma saye shi dominsa ba, shi ne tabon ruwa. Ruwan burtsatsen unguwarmu yana da gishirin ƙasa, kalsiyam da magniziyam, farin nan da ke taruwa a gindin butar shayi. Da hunturu iska a bushe take ƙayau, ɗigon ruwa ba ya jimawa a kan mota, yana bushewa ya bar farin zobe. A farar mota ba mai lura. A baƙa kuwa tun daga nesa ake hangowa, in kuma rana ta gasa shi a kai, wanki kaɗai ba ya fitar da shi. Tun da feshin yana sa in gama kowane ɓangare da wuri, ina riga ruwan bushewa. Amma sai na canza tsari: rufi da bonet da but tukuna, su ne suka fi saurin bushewa, sannan ƙofofi, ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe da wani tawul dabam.

To, sai abubuwan da mai saye ya kamata ya sani, kuma duk wani feshi mai kaki haka yake, ba wannan kaɗai ba. Ba ya son zafi. In ƙarfen motar ya ɗau rana, feshin zai bushe kafin tawul ya iso, ya bar dishi-dishi. Da bazara ko dai a yi bayan asuba, ko bayan la'asar sakaliya, ko a ƙarƙashin rumfa. Ba ya kuma son a cika shi. Fesawa ɗaya ko biyu ta ishi ƙofa. Hannun Bahaushe da yawa ya saba, gani muke in an ƙara zai fi aiki, alhali a nan ƙarin shi ke kawo maiƙo, ka koma kana gogewa, ka rusa dalilin sayensa. Gilashin gaba kuma ni ba na kai shi wurin. Kaki a kan gilashin gaba yana iya sa waifa ta riƙa barin hazo-hazo, da daddare fitilun masu tahowa su watse maka a ido. Ina goge gilashi da nasa tsumman kafin in taɓa kwalbar.

Yana kuma cin tawul a hankali. Kakin da ke korar ruwa daga jikin mota, shi ne dai ke taruwa a zaren tawul, wata rana ka ga tawul ɗin yana tura ruwa gaba maimakon ya sha. Maganinsa a wanke shi ranar da aka yi aiki da shi, da ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa, shi kaɗai ba tare da kayan sawa ba, kuma kada a sa masa ruwan ƙamshin nan mai tausasa tufafi, don shi ma toshe zaren yake yi. A shanya a inuwa, inda ƙura ba ta kai ba, abin da yake da wuya a gidajenmu, ni a cikin ɗaki nake rataye nawa.

Maganar tawul ɗin ma ita ce gaba da komai. In da wani zai ce mini kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya sayi feshi ko ya sayi tawul, ba zan yi jinkiri ba: tawul. Ina nufin na maikrofaiba mai kauri, wanda aka saƙa da foliyesta da foliyamaid, galibi kashi 80 da 20 ko 70 da 30, mai gashin da ƙwayar yashi za ta shige ciki ta ɓuya. Tsohuwar singileti da tawul ɗin wanka da ya gaji ba su da wannan. Fatar nan ta roba da masu wanki ke matsewa tana shan ruwa sosai, amma shafaffiya ce, duk abin da ta taka da shi take tafiya. Ka fesa abin da ka ga dama a ƙarƙashin irin waɗannan, zanen zai hau. In kana da kyau ka ƙara da wanka, feshin nan ƙari ne a kan wanki mai kyau da tawul mai kyau.

Ranar da ba ni da lokaci nakan kai ta wurin masu wanki a bakin titi, in miƙa wa yaron kwalbar da tawul ɗina. Ran farko ya jujjuya ta ya ce, "Alhaji, ai folish bayan ta bushe ake sawa." Na ce masa, "Samari, wannan a jiƙe ake sa shi, gwada ƙofa ɗaya ka gani." Ya gwada, ya yi dariya, ya ce wallahi hannunsa ya huta. Amma sai na tsaya a kansa, don na sha ganin tsumma ya faɗi ƙasa an ɗauka an kaɗe an ci gaba, ko wanda aka goge taya da shi ya dawo kan bonet. Kuma yawancinsu da garin sabulun wanki suke aiki, wanda aka yi shi don ya cire maiƙo daga tufafi, saboda haka yana tafiya da kakin da ka sa a wankin baya. In dai za a kashe kuɗi a kan feshi, a haɗa da sabulun mota na ainihi.

Ƙarkonsa na makonni ne, ba na watanni ba. Bayan wanki, kwanakin farko ƙura ba ta kama jikin sosai, kuma da damina za ka ga ruwan sama yana dunƙulewa yana gangarewa. A hankali abin ke raguwa. Tun da kowane wanki ana sake fesawa, ban ɗauki wannan aibi ba. Wanda dai yake neman kariyar da za ta kai shi wata da watanni, kakin gwangwani ko rufin siramik zai nema, wannan ba hurumin feshin ba ne. Ribar da ke biyo baya ita ce, da zarar mota ta sami kaki a jiki, in ka cire kan tiyo ka bar ruwa yana kwarara a hankali daga rufi, yawancinsa da kansa yake zubewa, abin da ya rage wa tawul kaɗan ne.

Akwai wasu hanyoyin. Meguiar's suna da nasu feshin, Sonax na Jamus ma haka. Akwai kuma Optimum No Rinse, wanda ake sirkawa kashi 1 cikin 16 na ruwa a zuba a kwalbar feshi. Shi santsi yake bayarwa, ba ƙyalli irin na kaki ba, kuma tun da sirka shi ake yi, kwalba ɗaya tana jimawa. Mai injin hura iska kuwa ya fi kowa morewa, don ba ya ma taɓa fentin, sai dai a samu wuta, kuma a tsakar gida mai turɓaya ƙura zai tayar ta dawo kan motar.

Shin zan sake saye? Ƙwarai, muddin baƙar mota nake hawa. Da a ce fara ce ko ruwan toka, kamar ta maƙwabcina wadda kullum a hanyar Zariya take, da tawul mai kyau zan tsaya, don abin da feshin ke karewa ba ya ko nunawa a irin waɗannan launuka, ga kuɗinsa ba kaɗan ba tun da kayan waje ne, da dala yake tafiya. Mai saye ya duba bakin kwalbar da rubutun jikinta da kyau, jabun kayan mota sun yi yawa a kasuwa.

Wanda aka yi wa sabon fenti ya dakata tukuna. Fentin da aka fesa a gareji yana ɗaukar makonni kafin ya gama ƙanƙamewa, kuma masu yin fentin mota sukan ba da shawarar a jira wata ɗaya zuwa uku kafin a sa kowane irin kaki. Haka kuma in za ka kai mota a fesa mata wani ɓangare, gaya wa mai fentin cewa kana sa mata irin wannan feshi, domin ya wanke wurin da sinadarin cire maiƙo kafin ya fara. In ba haka ba sabon fentin zai ƙi zama, ya fito da ƙananan ramuka, ku koma kuna musu a kan wanda zai biya kuɗin sakewa.