Tsohon murhun itace: sabon murhu ko na felet?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi tambaya a kan tsohon murhun itace na ɗumama ɗaki da ka tarar a gidanka: ko ka gyara shi, ko ka sayi sabo, ko kuma na felet, mai cin ƙwayoyin garin katako. Tunda ka ce babu farantin shaidar hukumar EPA, wato hukumar kare muhalli ta Amurka, a bayan murhun da ka tarar a gidan, mai yiwuwa an ƙera shi kafin 1988, shekarar da Amurka ta fara gindaya wa masu ƙera murhu ƙa'idar hayaƙi, kuma ni ban ga dalilin kashe masa kuɗin gyara ba. Irin waɗannan murahu suna fitar da hayaƙi giram 15 zuwa 30 a awa guda, alhali tun watan Mayu na 2020 ba a yarda sabon murhu ya wuce giram 2 zuwa 2.5 ba. Hayaƙin nan itace ne da ka saya da kuɗinka yake ficewa bai ƙone ba, kuma shi ne yake daskarewa a cikin bututun fitar hayaƙi kamar kwalta har wata rana ya kama da wuta.

Ni sabon murhun itace nake da shi a nan jihar Maine, kuma ban taɓa nadamar sayensa ba. A rufinsa daga ciki akwai ƙananan bututu masu huji da ke shigar da iska mai zafi, sai hayaƙin da kansa ya sake kamawa, ka riƙa ganin harshen wuta yana lilo a sama ta cikin gilashin ƙofa. Ranar da na san darajarsa ita ce lokacin da dusar ƙanƙara ta karya wayoyin lantarki a unguwarmu, muka yi kwana uku babu wuta a tsakiyar watan Janairu. Muka kwaso katifu zuwa falo, uwargida ta ɗora tukunyar tuwo a kansa, butar shayi kuwa ba ta sauka ba, har wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta zo ta kwana tare da yara. Nakan cika shi da faskare bayan sallar isha, in na tashi da asuba in tarar da garwashi ja a ƙarƙashin toka, ruwan alwala kuma da ɗuminsa. Itacen da nake ƙonawa a shekara ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan na kwatanta da tsohon da na cire.

Murhun felet, wato mai cin ƙwayoyin garin katako, na yi amfani da shi shekara biyu a gidan haya. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, yana da tsabta kuma shi yake ciyar da kansa, amma da lantarki yake aiki, ana ɗauke wuta ya mutu.

Abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka, shi ne ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu ɗauko tsohon murhu su fesa masa baƙin fenti su saka a intanet a matsayin na zamani. Kada ka biya ko sisi sai ka leƙa bayansa ka ga farantin shaidar da idonka, ka kuma haska cikinsa da tocila ko ƙarfen ya tsage ko ya lanƙwashe. Masu itace sun fi ba ni haushi. Cikakken kod, wato ma'aunin da ake sayar da itace da shi, jeri ne mai ƙafa 4 daga ƙasa zuwa sama, 4 a faɗi, 8 a tsawo, amma wani zai juye maka tulin da bai kai rabin haka ba ya ce kod ne, sannan ya rantse busasshe ne alhali bai daɗe da sarewa ba. An taɓa yi mini haka, na kwashe sanyin shekarar ina jin itace yana tsuwa yana zubar da kumfa a baki, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Ka sayi ƙaramar na'urar auna laima, ka faskara guda ɗaya a gaban mai motar ka soka ta a tsakiya; in ta wuce kashi 20 cikin ɗari, ya koma da kayansa. Sabon murhu ba ya jure ɗanyen itace kamar yadda tsoho yake yi, itacen oak kuwa, wani ice mai tauri, yakan kai shekara biyu kafin ya bushe sosai.

Saboda haka ka sayi sabon murhun itace daidai girman falonka, kada ka ɗauki wanda ya fi ƙarfin ɗakin, domin za ka riƙa toshe masa iska yana hayaƙi. Ka sa ƙwararre ya duba bututun hayaƙin gidan kafin a haɗa murhun, ka sanar da kamfanin inshorar gidan, ka kuma kafa na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru, wato gubar nan da take kashe mutane a gida idan sun kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Itacen baɗi kuma tun bazarar bana za ka saye shi ka jera a inda iska take ratsawa. Allah ya sa albarka a gidan.