Na'urar naɗar murya don hira da 'yan wasa: wacce za ka saya?

Mai binciken da zai zauna da 'yan wasa, kociyoyi ko malaman motsa jiki, jarinsa muryar da ya naɗa. Hirar awa ɗaya kan ci awa 4 zuwa 6 wajen rubutawa, idan sautin ya fita tas ke nan. To, filin wasa kuwa ba ya shiru: ga usur, ga ƙarar ƙwallo, ga iska.

Wayar hannu ta wadatar idan mutum ɗaya ne a ofis. Sai dai kira na iya katse naɗin, don haka a sa ta a tsarin jirgin sama.

Sony ICD-PX470 ta fi dacewa da yawancin ɗalibai. Tana da ma'adana ta 4GB, tana karɓar katin microSD, batirinta ƙanana biyu ne na AAA da ake samu a kowane shago, kuma kan USB ɗinta a jikinta yake, sai dai a soka a kwamfuta.

Zoom H1n ta fi ta tsada, ta kuma fi ta kunne. Ita ake so idan za a tara 'yan wasa 6 zuwa 8, domin makirufonta biyu suna raba hagu da dama, ka gane wa ya yi magana. Amma jin nata ne matsalarta. Ko motsin yatsa a jikinta sai ya shiga, iskar hunturu kuwa ta mayar da hirar guguwa. Kada ka saye ta ba tare da hular gashi ta tare iska ba (soson da ake rufe makirufo da shi bai isa a fili ba) da 'yar ƙafar girkawa. Batirinta kamar awa 10 yake yi.

Zauren wasa mai siminti amsa-kuwwa gare shi, kuma tsadar na'ura ba ta maganin wannan. Makirufon maƙalawa a wuyan riga, tazarar taƙi ɗaya daga baki, ya fi amfani a nan.

Wajen saiti, tsarin adana sauti na WAV na cin kusan 10MB a minti, na MP3 mai 128kbps kusan 1MB, kuma MP3 ɗin ya isa ga magana. Kafin a fara, naɗi daƙiƙa 30 a inda za a zauna, ka saurara da abin kunne. Idan 'yan makaranta ne, takardar amincewar iyaye ta riga kunna na'ura zuwa hannunka.