Zaɓen Rigar Sanyi ta Gwanjo a Kantamanto Kafin Tafiya Ƙasashen Ƙanƙara

Matasanmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango waɗanda suka samu gurbin karatu a Kanada ko Jamus sukan fara da kasuwar Kantamanto da ke Accra wajen neman rigar sanyi, domin sabuwa a can ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Kasuwar ta farfaɗo bayan gobarar da ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, kuma wanda ya yi sammako ya tarar ana fasa dila, shi yake samun zaɓin farko. Sai dai mutumin da bai taɓa sanin sanyin da ya wuce na hunturu ba yakan auna riga da kaurinta, alhali abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne irin sanyin garin da za shi.

Rigar da aka cusa wa gashin agwagwa ko na dinya ita ce mafi ɗumi, ga rashin nauyi, abin da yake da muhimmanci ga mai akwatin da ba zai wuce kilo 23 ba. A jikin wasu akan ga lamba kamar 550 ko 700, kuma mafi girman lambar ya fi riƙe ɗumi idan nauyin gashin ɗaya ne. Aibinta ɗaya ne: idan ta jiƙe, gashin yakan cure ya daina aiki. Saboda haka ta dace da busasshen sanyi irin na Winnipeg a Kanada, amma ba ta dace da yayyafin Landan ba. A matse ta a hannu a saki. Idan ba ta sake kumbura ba, ta gama yayinta.

Wadda na fi so ɗalibi ya nema ita ce rigar masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wadda take yawan faɗowa cikin dila, mai kala mai ɗaukar ido, da wani ƙyalle mai roba a ciki daidai ƙugu don hana ƙanƙara shiga. An yi ta ne domin ta tare iska da ruwa gaba ɗaya, kuma idan an rubuta Gore-Tex ko 10,000 a jikinta, alama ce ta ƙarfin tare ruwa. A nan ne kuma aka fi yin asara. Dole a juya cikinta waje a duba bayan wuya da kafaɗu, domin danshin Accra yana cin siririn rufin da yake hana ruwa shiga, sai a ga yana ɓarewa kamar busasshen kunu a gefen kwano, ko kuma tef ɗin da aka manna a kan ɗinki yana ɗagowa. Tela zai iya canza zif da ya lalace, amma wannan ɓarewar ba ta da gyara. A lura kuma cewa wasu daga cikinsu ba su da komai a ciki, sai an haɗa da suwaita.

Kwat ɗin ulu yana da kyan gani, amma yana da nauyi, kuma iska tana ratsa shi. Ban ba da shawarar a fara da shi ba.

Takalmi kuwa, ina ganin gara a haƙura a saya a can. Na taɓa saya wa ƙanena wani mai kyan gaske, kafin ya yi mako guda da sauka tafin takalmin ya marmashe kamar gurasa, saboda irin wannan robar tana ruɓewa idan ta daɗe a ajiye cikin danshi. Wanda ya nace sai ya lanƙwasa tafin da ƙarfi, ya danna shi da farce, ya kuma guji takalmin zamiya mai tauri da maɗaurai, domin ba a yi shi don tafiya a titi ba. Kuɗin da ya rage a sa shi a safar hannu da safar ulu, kuma a gwada rigar a kan suwaita tun a kasuwa, a ɗaga hannu sama a ga ko ta rufe wuyan hannu da ƙugu.