Ryzen 5 5600G: ya isa aikin zane a Yamai?

Ga mai haɗa kwamfuta da kuɗi kaɗan don Photoshop da Illustrator, wannan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ya biya. Yana da ƙwaya 6 (cores, sassan da ke raba aiki), kuma Radeon, sashen hoto na cikinsa, ya ɗauke maka sayen katin hoto. Amma a sa masa RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) DDR4 3200 sanda biyu, 8GB kowace. Sanda ɗaya tana rage masa gudu sosai, tunda da RAM ɗin yake zana hoto. Allon da ake ɗora shi (motherboard) na B550 ya fi sauƙin haɗawa, B450 kuwa sau da yawa sai an sabunta BIOS (manhajar da ke tada allon) kafin ya tashi. Ma'ajin fayil SSD NVMe 500GB ya wadatar.

Fankarsa tana wahala da zafin Afrilu da ƙurar hunturu, sai ana kakkaɓewa. Kuran na ɗaukewa, kada a manta UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta tafi. A Blender, manhajar zanen 3D, dai yana jan ƙafa.